Babi na Shida: Jere Babu Amarya

Ɗakin yana bayan shagon. Sai ka bi wani lungu da ba ya ɗaukar mutum biyu, ka tsallake kwata a kan katako, sannan ka iso ƙofar. Telan ya buɗe mini ita da ɗari-ɗari, kamar mai nuna kayan da aka ba shi ajiya. Gado ne da sabuwar katifa ko ledarta ba a cire ba, labule ruwan hoda, kuloli da tangaran a jere cikin kabad mai gilashi, tukwane an kifa ƙarama kan babba, sai kaskon turaren wuta da bai taɓa ganin garwashi ba. Matan maƙwabta ne suka yi jeren, wata bakwai kafin zuwana. Danshin Libreville ba ya barin kaya su zauna lafiya, ruwan da ke sauka a nan a shekara ya ninka na Kano kamar sau uku, har fumfuna ta fara cin gindin akwatunan. Don haka duk Lahadin da rana ta fito, sai ya kwaso zannuwan gadon ya shanya, la'asar ta yi ya naɗe ya mayar. Amarya tana Kano.

Na ce, "To in an tambaye ka a majalisa fa?"

Ya ce, "Sai in ce takarda ce ba ta fito ba, Malam. Wa zai yi mini musu? Garin nan kowa takarda yake jira."

Nan kam ya yi gaskiya. Akebe, inda shagon yake, unguwanni ne da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, akwai Akebe-Ville, da Akebe-Plaine, da Akebe-Poteau, da Akebe-Frontiere, duk a gunduma ta uku ta birnin, tudu da kwari, gidajen katako da na bulo suna hawa kan juna. Irin wuraren da 'yan gari ke kira mapan ke nan. Kasuwar Mont-Bouet, wadda ta fi kowace girma a ƙasar, ba ta da nisa, shi ya sa baƙi daga Afirka ta Yamma suka cika wurin: 'yan Mali da Senegal masu kanti, 'yan Benin da Togo, da namu Hausawan Najeriya da Nijar da Kamaru, teloli da 'yan koli da masu gyaran takalmi da masu gasa naman nan da ake kira kupe-kupe. Akwai kuma Hausawan da Gabon ce ƙasarsu ta haihuwa, jikokin fataken da suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Bitam da Oyem da Minvoul tun zamanin Turawa. Su wannan babi bai shafe su ba. Maganar baƙo ake yi.

Bakano ya saba da ɗaukar jakarsa ya nufi Kwatano ko Akara ko Dakar ba tare da biza ba, albarkacin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. Gabon ba ta cikin wannan tsangaya. Ko 'yan uwanta na ƙungiyar CEMAC, irin su Kamaru da Chadi, sai a 2017 ta yarda su shigo mata ba biza. Ƙasa ce mai man fetur da manganis da katako, mutanenta ba su kai miliyan uku ba, kuma tun da kuɗin mai ya ɓarke a shekarun 1970 take son hannun baƙo tana kuma tsoron yawansa. An kori 'yan Benin a 1978, an kori 'yan Kamaru a 1981, sannan a farkon 1995 aka ba duk marar takarda wa'adin ko ya biya ko ya san inda dare ya yi masa, dubun dubatar mutane suka tattara ya-nasu-ya-nasu. Dattijon da ya sauke ni har yau da wannan shekara yake lissafi, komai nasa ko kafin kora ne ko bayan kora.

Dokar shigar baƙi da zamansu ta 1986 ce ke aiki. Wanda zai zauna dole ya mallaki katin zama, kowa "kart" yake ce masa, daga hukumar shige da fice ta DGDI, wadda bakin mutane bai daina kira da tsohon sunanta Sedok ba. Shekara biyu katin ke yi a sabunta, kuma a karon farko har da kuɗin ajiya na mayar da mutum ƙasarsa in ta ɓaci. Mai kart in zai bar ƙasar kuma sai ya nemi bizar fita. Wannan ita ke ɗaure wa sabon zuwa kai. Izinin shiga gidan mutane an ji shi, amma na fita?

Wanda zai kawo matarsa sai ya haɗa kwafin kart ɗinsa, da shaidar masauki, da fasfonta, da katin rigakafin shawara, da takardar aure, ya nemar mata izinin shigowa. A takardar auren nan yawancin namu ke fara cin tuntuɓe. A wurinmu aure ya ɗauru in waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki, shaidu sun ji, an raba goro. Ango ba dole ba ne ya halarta, amarya kuwa dama tana cikin gida. Na telan ma haka aka yi, yana zaune a kan kekensa a Akebe aka kira shi a waya aka ɗaga ta sama don ya ji fatiha daga Gwammaja. Yarinyar 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, rabonsa da ganinta ido da ido tun tana 'yar sakandare, sauran duk a WhatsApp aka yi shi. Ma'aikacin da ke bayan tebur kuwa ba ya ganin fatiha, hatimi yake gani, a kan takardar da aka juya zuwa Faransanci. Kuma a nan Gabon da sauƙi. A Amurka bizar K-1, ta wanda aka yi wa baiko, sharaɗinta shi ne masoyan sun haɗu a zahiri cikin shekara biyu kafin shigar da takarda, ba a ɗaga ƙafa sai in haɗuwar za ta jawo matsananciyar wahala ko ta saɓa wa wata tsattsaurar al'ada. Auren da aka ɗaura ta wakilci, ɗayan ma'auratan ba ya wurin, dokarsu ta shige da fice ba ta lissafa shi aure sai an tare. Ingila ma sai an nuna an taɓa haɗuwa. Wato a can, wanda tsoron jirgi ya hana shi tsallaka teku, tun a shafin farko na fom ya faɗi.

Telan ya bi duk wannan, ya samo takardar aure daga kotun shari'a a Kano, ya biya aka juya ta, ya jure zirga-zirga. Takarda ta fito. Sau biyu ma ta fito.

A 2015 Gabon ta kawo bizar intanet, abin da aka yi ta yabo a lokacin domin ya rage wa mutane sintiri a ofisoshin jakadanci. Ka cike fom a kwamfuta, a aiko maka da izini, ka buga a takarda, in ka sauka a liƙa maka bizar a fasfo. Sai dai a ƙasan bayanin akwai layi ɗaya: wannan biza ta wanda zai shigo ta jirgin sama ce, ta filin jirgin Leon-Mba na Libreville. A kan iyakar ƙasa ba ta aiki. Ga wanda ya tsara abin, wannan ba komai ba ne, na'urorin a filin jirgi suke, kuma baƙon da yake hange mai kwat ne da jakar hannu. Ga telan Akebe kuwa, an buɗe masa ƙofa ne a saman soro aka ɗauke tsani.

Ranar Asabar, 4 ga Mayu 2002, da tsakar rana, jirgin kamfanin EAS da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano zai tafi Legas ya kasa ɗagawa sama, ya rikito a kan gidajen Gwammaja. Fiye da mutum ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na ƙasa, har da ministan wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku. Amaryar telan shekararta bakwai a ranar. Gidansu bai ƙone ba, ba ta rasa kowa na jini ba. Abin da ta riƙe, kamar yadda ya ba ni labari daga bakinta, ƙara ce da ta ji a haƙoranta, da inuwa da ta rufe tsakar gida, da wari da ya ƙi barin unguwar kwana da kwanaki. Tun daga nan in jirgi ya wuce, Gwammaja kuwa a ƙarƙashin hanyarsu take, sai ta daina abin da take yi har sai ƙarar ta ɓace. Ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Yarinyar da ba inda za ta, ina ruwanta da jirgi?

Masu yi wa irinta dariya sun manta da irin labarin jirgin da Bahaushe ya tashi da shi a kunne. Jirgi ya fara sauka a Kano tun 1925, amma yawancin gidajenmu ta aikin Hajji suka san shi, kuma ta nan ne ya fi yi mana ciwo. A Janairun 1973 jirgin alhazai ya faɗi yana sauka a Kano, mutum 176 suka tafi. A Yulin 1991 wani ya kama da wuta bayan tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato, mutum 261, ba wanda ya fita. A Oktoban 2006 Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa suka rasu a jirgin da ya faɗi bayan tashi daga Abuja. 'Yan Nijar suna da nasu, jirgin UTA da bam ya tarwatsa a sararin Tenere a 1989 da mutum 170. Waɗannan duk an yi zaman makokinsu a zaurukanmu, kowa ya san wanda ya san wani. Libreville ita ma ba ta tsira ba. Filin jirginta a bakin teku yake, kuma a cikin ruwan nan ne jirgin sojan da ya ɗauko 'yan ƙwallon Zambiya ya faɗa a daren 27 ga Afrilu 1993, mutum 30, ba wanda ya rayu. (A birnin dai Zambiya ta zo ta ci kofin Afirka a 2012, abin da har gobe masu kallon ƙwallo a Akebe ke kawowa in ana maganar ikon Allah.) A Yunin 2004 jirgin Gabon Express ya faɗa ruwa dab da gaɓa, mutane na tsaye suna kallo, 19 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da a ce tashi ɗaya ne ma, da sauƙi. Kano da Libreville kusan a layi ɗaya suke in ka duba taswira, wannan a sama wannan a ƙasa, tsakaninsu kimanin kilomita 1,300, tafiyar da ba ta kai awa biyu a sama ba. Amma babu jirgin da ke haɗa su kai tsaye. Air Afrique ta mutu a 2002, Nigeria Airways ta bi ta, Air Gabon ta rufe a 2006. Sau da yawa sai ka tashi daga Kano zuwa Legas ko Abuja, daga nan ka yi yamma zuwa Lome ko Abijan, ka juyo gabas. Tashi uku, sauka uku. Ga mai tsoro, kowane ɗaya mutuwa ce mai zaman kanta.

Karo na farko aka haɗa ta da wata Hajiya 'yar kasuwa da ke kai turare da atamfa da kayan mata Libreville, wadda ta hau jirgi har ta daina ƙirgawa. Saboda sauƙin awo, da sunan Hajiyar aka auna akwatunan amarya. An yi wankan lalle, an yi kuka, an yi nasiha, 'yan rakiya suka juya daga bakin ƙofa. Ta wuce bincike lafiya. Da aka kira fasinja, ta hango jirgin ta gilashi, sai ƙafafunta suka ƙi. Gumi ya jiƙa mayafin, numfashi ya sarƙe, ta durƙushe tana riƙe da ƙafar kujera. Hajiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce, "Haba 'yata, ni da na haife ki ina hawa, ke ce za ki ba mu kunya?" Ita dai abin da take maimaitawa shi ne, "Hajiya ki yi mini rai." Jirgi ba ya jiran kowa. Washegari da yamma telan yana tsaye a Leon-Mba da sabuwar shadda, da abokai biyu, da tasi da ya yi shata, sai ga Hajiya ta fito tana tura akwatuna shida ita kaɗai. Matan unguwa sun riga sun dafa abinci. Da aka rasa abin yi, sai aka yi jere.

Karo na biyu ko filin jirgin ba a kai ba. Tun ana sauran kwana uku ta daina cin abinci, mahaifinta ya ce a bari. Izinin yana da wa'adi, ya ƙare a cikin aljihun telan, kuɗin tikiti ya tafi.

Daga nan fassara ta yi yawa. A Kano wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya. Wasu suka ce sammu ne, akwai wanda ba ya son auren, aka sha rubutu. Wata gwaggo ta ce yarinyar dai ba ta son mijin ne take fakewa da jirgi, maganar da ta isa kunnen telan ta hana shi barci mako guda. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wani mai wa'azi da ya ce ƙarancin tawakkali ne, ai ajali ko a kan gado yana zuwa. Ita ma ta san haka, ta fi shi sani, a kan gado ajalin ya sami wasu maƙwabtansu ran da jirgin ya faɗo. Abin da ya kama ta a filin jirgi ba ya bi ta wurin da ake ajiye aƙida. Jiki ne ke ɗaukar wani abu a matsayin halaka, ya saki sinadarin gudu ko faɗa, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, hannu ya yi sanyi, mutum ya ji kamar ransa zai fita, alhali hankalinsa na gaya masa ba komai. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san shi sarai, kuma ba ya zaɓen jahili ko matsoraci. Duk mai goyon bayan Arsenal ya san Dennis Bergkamp, wanda ya yi shekaru yana bin mota da jirgin ƙasa zuwa wasannin Turai, in wurin ya yi nisa kuma a buga ba shi. Shi an yi masa uzuri saboda ƙafarsa tana kawo kuɗi.

Kuma yana da magani, abin da ban ji ko mutum ɗaya ya ambata ba a Akebe ko a Gwammaja. Maganin shi ne saba wa jiki da abin a hankali, tare da wanda ya san aikin: yau a yi maganar jirgi, gobe a kalli hotonsa, jibi a saurari ƙararsa, wata rana a je filin a zauna a dawo, kowane mataki sai jiki ya gaji da firgita ya kwanta kafin a ƙara. Ana kuma koya wa mutum ma'anar abin da zai ji. Ƙarar nan kamar an buga guduma a ƙarƙashinka tayoyi ne ke shigewa. Sanyin da injin ke yi jim kaɗan bayan tashi, har ka ji kamar ana faɗuwa, direba ne ya rage wuta da gangan. Fiffike an yi shi ne ya riƙa lanƙwasa, jirgi mai inji biyu yana iya tafiya da ɗaya ya sauka, gargadar iska kuma ta fi zubar da shayi a kan kayar da jirgi. British Airways da Air France har kwas suke yi wa masu wannan tsoro. Mu a wurinmu abin da ake ba mutum shi ne ƙwayar barci daga kemis da "ki daure", ƙwayar da ko ta kai shi yau ba ta cire masa komai na gobe.

Lissafi kuwa, duk mai ilimin boko a majalisa ya iya kawo shi. A 2023 jiragen fasinja sun tashi kusan sau miliyan 37 a duniya, kuma a ƙidayar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA haɗari ɗaya ne ya ci rai, na ƙasar Nepal. A kan titi kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara, kuma Afirka ce kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurkawa da yawa sun guje wa jirgi suka koma mota, masanin nan Bajamushe Gerd Gigerenzer ya ƙiyasta cewa hakan ya ƙara kimanin mutum 1,500 a kan waɗanda titi ke ci a shekarar da ta biyo baya. Duk gaskiya ne. Ban dai taɓa ganin wanda lissafi ya saki ƙafarsa daga jikin kujera ba.

Wata ranar Alhamis da daddare, an ɗauke wuta, muna zaune a bakin shagon ruwa na dukan kwano, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, tunda kart ɗinsa na da rai, me zai hana ya nemi bizar fita ya je Kano da kansa, ya riƙo hannunta su hau tare? Mace da mijinta a gefe ai ba ɗaya take da mace da Hajiyar da ba ta sani ba. Ya fara kawo maganar ɗinkin Salla, da kuɗin haya, da yaron shago da ba a bar masa almakashi. Sai ya yi shiru. Can ya ce, "Malam, in gaya maka tsakani da Allah? Ni ma ban taɓa hawa ba. Ran da na je tarbarta, da na ga yadda yake saukowa ta kan ruwan nan, sai da cikina ya juya."

Ta ruwa ya zo. Daga Oron, can kusa da Kalaba, a cikin kwalekwalen katako mai inji, su fiye da ɗari a kan buhuna da jarkoki, kwana uku ba ya iya miƙe ƙafa, aka sauke su da dare cikin taɓo da itatuwan bakin teku suka ƙarasa da ƙafa. Bai iya iyo ba. Sai da ya yi shekara huɗu yana ɓuya kafin ya tara kuɗin kart. Hanyar nan ce a Maris na 2013 wani kwalekwale da ya taso daga Oron zai zo Gabon ya kife a kanta, mutane da yawa suka halaka, kuma waɗanda ba a ji labarinsu ba sun fi waɗanda aka ji. Ko jirgin ruwa mai rajista bai tsira ba, Esther Miracle ya nutse tsakanin Libreville da Port-Gentil a Maris na 2023. Na ce masa, wanda ya tsallake wannan shi ne ke tsoron kujera mai bel? Ya yi dariya ya ce, "Ruwa ai ko ba komai kana ganinsa."

Tun daga daren nan na fara sauraron kalmar "takarda" da wani kunne. Mace in ta ce tana tsoro, a yi mata dariya a wuce. Namiji ba shi da wannan damar, sai ya nemi abin da zai rataya wa laifi, kuma a Gabon ba a rasa shi, ga Sedok nan. Ban ce duk wanda ya shekara goma bai je ganin gida ba tsoro ne ya hana shi. Tikiti da tsada, kart da tsada, wani kunyar komawa hannu rabbana ce ta riƙe shi, balle yanzu da gwamnatin Shugaba Oligui Nguema ta sanar a Agustan 2025 cewa ta keɓe wasu ƙananan sana'o'i ga 'yan ƙasa. Amma na zauna da dattawa biyu masu shaguna da gidaje, da kuɗin kujerar Makka a ajiye, waɗanda kowace shekara wani uzuri ke fitowa.

Can gida haƙuri ya fara ƙarewa. Kakanninmu sun san auren matafiyi, fatake na tafiya Gwanja su shekara, masu Hajjin ƙasa ta Chadi da Sudan wasu sai bayan shekara bakwai, wasu ba su dawo ba. Shi ya sa malaman Malikiyya suka yi wa abin iyaka: matar da nisan miji ya cutar tana da damar kai ƙara alƙali ya rubuta masa, ko ya zo, ko ya ɗauke ta, ko ya sauwaƙe mata. Mahaifin yarinyar bai je kotu ba, zumunci ya hana, amma ya kira telan ya ce, "Kai ɗana ne, ita ma 'yata ce. Ba zan zuba ido tana tsufa a ɗakin uwarta da igiya uku a kanta ba."

Kawunsu ne ya warware, ƙanin iyayensu mata, tsohon direban tirela da ya san Kamaru kamar tafin hannunsa. Shi ya tuna musu cewa bizar intanet ba ita kaɗai ce biza ba. Akwai tsohuwar hanya, a kai fasfo ofishin jakadancin Gabon a Abuja, da izinin shigowa da mijin ya samo, a liƙa bizar tun kafin a tashi, ita wannan ana shiga da ita ta ƙasa. Ɗan Najeriya kuma ba ya buƙatar biza don ratsa Kamaru. Abin ya zo da ƙarin jira, domin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, korona ta zo a 2020 ta rufe na kowa. Hanyar Ikom zuwa Bamenda rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya lalata ta, ta Banki kuma Boko Haram. Sai ta Adamawa.

Kano zuwa Yola, Yola zuwa Garwa, Garwa zuwa Gaundare. Daga nan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, inda suka kwana biyu a Birkitari, unguwar Hausawa, ta huta kumburin ƙafa. Sai Ebolowa, sai Ambam, sai gadar kogin Ntem, aka buga mata hatimi a Eboro. Daga Bitam zuwa Libreville kusan kilomita 600 ne na daji, ta Oyem da Mitzic da Ndjole, titi yana murɗawa kamar hanji, manyan motocin gungume suna fitowa daga kwana ba sallama, har hanyar ta tsallaka layin da ya raba duniya biyu ta yi kudu, ta sake tsallako shi ta dawo. Shingaye kuwa Kawu ya ce ya daina ƙirgawa a na ashirin, kowanne a sauko, a nuna fasfo, a nuna katin shawara, a yi 'yar magana. Kwana tara. A kan hanya sun wuce wata bas da ta kife, kayan mutane a warwatse a bakin kwalta. Kawu ya ce ta kalla, ta yi salati, ta gyara mayafinta, ko gezau.

Shekara uku da wata biyu bayan fatiha ta shiga ɗakin. Abin da ta fara yi, in ji matar mai masaukina, shi ne sauke tukwanen ta sake jera su yadda take so.

Da na koma Libreville bara na same shi a kan keken, ya ƙara ƙiba, an sa wa lungun siminti. Ita ma ta sami kart ɗinta. Ta aiko mana da shayi da ƙosai daga ciki, muka gaisa ta bayan labule. Ina shirin yi masa barka da ƙarewar wahala sai ya ajiye almakashi ya matso kusa. Tana da ciki wata biyar. Haihuwar fari kuwa a gida ake yinta, uwarta ta riga ta aiko cewa ta tanadi itacen wankan jego, kuma ungozomar asibitin da take awo ta ce kada ta kuskura ta hau hanyar Ndjole da wannan cikin. Ya zaro wata takarda daga ƙarƙashin tabarmar keken ya miƙo mini, kuɗin tikitin Lome ne na mutum biyu wani ya rubuto masa da biro, an ninke ta har ta fara yagewa.

Ya ce, "Malam, kai da ka saba hawa. Wai in an zauna ta wajen fiffike, da gaske ya fi rashin girgiza?"